Sayen mashin na hannu ga wanda bai taɓa hawa ba, yadda muke yi a Gadarif

Duk shekara da zarar an gama yankan riɗi kuɗi ya ɗan shigo hannu, sai kaga samarinmu na nan Gadarif sun fara zarya wajen dillalan mashin, kowa da ɗan abin da ya tara a Bankak, manhajar banki ta waya da muke ajiya da tura kuɗi da ita, wani ma bai taɓa sa giya ba a rayuwarsa amma ya riga ya zaɓi kalar da yake so. Bana ɗan yayata ne ya same ni bayan magariba, yace Kawu na gaji da jiran raksha (keke mai ƙafa uku) da takawa a ƙafa zuwa gona, dan Allah ka raka ni in sayi motar. Ga waɗanda ba a Sudan suke ba, motar a bakin mutanen nan shi ne babur, mashin dai, ita kuwa mai ƙafa huɗu arabiyya ake ce mata. Sati uku muka yi muna nema, guda bakwai muka duba muka bari kafin muka tsaya a kan na takwas, kuma abin da na riƙa nuna masa a wannan yawon shi zan faɗa a nan, don nasan akwai ire-irensa da yawa a Kassala da Madani da Sinnar da Mai Wurno da Damazin waɗanda ba su da mai raka su.

Fara da tambayar kanka me zaka yi da shi. Gona zaka riƙa zuwa, ko kasuwa, ko ɗaukan kaya, ko kai yara makaranta. Ga sabon shiga ni ban yarda da injin da girmansa ya wuce 100 zuwa 150cc ba, wallahi ko kyauta aka baka babba ka ajiye shi tukuna. Ƙaramin mashin in ka murɗa mai da yawa bisa kuskure zai yi gurnani ya ɗan zabura ka samu ka gyara, babba kuwa kafin ka gane abin da ya faru ya riga ya kai ka jikin katanga. Ka hau ka zauna, ƙafafunka biyu su taka ƙasa sosai ba da yatsu ba, ka karkata shi hagu da dama kaji ko zaka iya riƙe nauyinsa, don zai faɗi, babu wanda ya koyi mashin bai kayar da shi ba, kuma kai kaɗai zaka ɗaga abinka.

Maganar iri kuwa, kafin ka je wajen masu sayar da mashin ka fara zuwa wajen masu sayar da isbir, kayan gyara kenan. Ka tambaye su wane mashin ne kayansa ba sa yankewa a shagonsu. A nan yawanci zasu ce maka Boxer na kamfanin Bajaj, ɗan Indiya, waɗanda suke ƙera raksha ɗin nan da muke hawa kullum, sai TVS shi ma ɗan Indiya, sai na China kala-kala, wasu masu kyau wasu kuma sunan ma baka taɓa jinsa ba. Mashin ɗin da kowane usta, wato bakanike, a ƙauye ya san cikinsa ya fi maka wanda ya fi shi kyau amma sai an aika Port Sudan neman fulogin da zai shige shi. Na ga wani yaro a unguwarmu da mashin mai kyan gaske, wata biyu yana jingine a zaure saboda wani ɗan ƙaramin abu na wuta da aka rasa a duk garin.

Farashi ba zan faɗa ba don jine, kuɗin Sudan, ba ya tsayawa waje ɗaya, abin da aka faɗa maka yau sati mai zuwa ya canza. Abin da zaka yi shi ne ka tambayi kuɗin sabo dal a cikin satin da zaka saya, ka auna da shi, in na hannun ya kusa kamo sabo toh ka ƙara haƙuri ka cika ka sayi sabon. Kuma kada ka zuba duk abin da kake da shi a kan mashin ɗin, ni shawarata ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe, don akwai hular kwano, akwai kuɗin lauya da na murur, wato ofishin 'yan sandan hanya masu rajistar abin hawa, akwai juyen baƙin mai, kuma da wuya ka sayi na hannu ba ka canza sarƙa ko taya ɗaya ba a watan farko. Na lura kuma bayan girbi mashin yana tsada saboda kowa na da kuɗi, gab da damina kuwa manoma suna sakin nasu don su samu na iri da na jaz, wato dizal ɗin tarakta, in ba gaggawa kake ba wannan lokacin ya fi.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, takardu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 an kwashi motoci da mashina a Khartoum da Jazira da Sinnar ba adadi, Madani kaɗai daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 kowa ya san abin da aka yi wa dukiyar mutane, kuma waɗannan kayan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu, an sake musu fenti an cire lamba. Cikin bakwai ɗin da muka bari, biyu saboda wannan ne. Ɗaya Boxer ne kusan sabo, ledar kujera ma ba ta gama cirewa ba, kuɗinsa kuma ƙasa da na tsofaffin da ke gefensa, yaron nan idonsa ya rufe yana ta ja min hannun jallabiya yana cewa Kawu wannan fa ya yi. Na tambayi mai shi takarda, yace ai takardun sun ƙone a gida lokacin gudu. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mutane da yawa sun fito da kayan jikinsu kawai, amma wanda takardunsa suka ɓata da gaske yana iya zuwa murur a fitar masa da madadi tunda sunansa yana cikin rajista, nace masa mu je tare ni zan biya kuɗin raksha, sai ya fara kame-kame yace yau ba shi da lokaci. Muka yi masa sallama.

A hanya na faɗa wa yaron abin da zan faɗa maka. Wannan mashin ɗin wataƙila na wani bawan Allah ne da yake kwance a makaranta a nan garin tare da iyalinsa, yana cikin waɗanda suka yi gudun hijira, shi kenan abin da yake ci da iyali da shi aka ƙwace. Ko babu hukuma akwai Allah. Sannan hukumar ma tana nan, dokar laifuka ta 1991 sashe na 181 magana take a kan karɓar kayan sata, ranar da mai shi ya gane abinsa ko aka tsare ka a irtikaz, wato shingen binciken jami'an tsaro, aka duba lambar shasi, wadda ke buge a ƙarfen jikin mashin, mashin ya tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma kana zaune kana bayanin inda ka samo shi, dillalin kuwa wayarsa a kashe. Dama tun kafin yaƙi saurayi a kan mashin marar lamba abin zargi ne saboda ɓarayin nan masu fizgen waya da ake kira tis'a tawila, bayan ɓarkewar yaƙin kuma jihohi da dama sun sha fitar da dokar ta-ɓaci a kan mashina, don haka ka tambayi dokar da ke aiki a garinku a lokacin da zaka saya.

Abin da zaka nema a hannun mai sayarwa: shahadar bahas, ita ce take nuna mai mashin a hukumance, sai ruksar mashin ɗin, wato lasisinsa, da lambarsa, sai shi kansa da raƙam watani nasa, katin shaidar ɗan ƙasa kenan, sunan da ke jikin katin ya zama shi ne a jikin shahadar. In mashin ɗin bai taɓa yin rajista ba toh a kawo fatura, wato rasit, ta shagon da aka saye shi da takardar jamarik, wato kwastan, don mu nan kusa muke da iyaka, ta Gallabat da ta wasu hanyoyin daji kaya suna shigowa ba ta ƙofa ba, kuma wanda ba shi da takardar jamarik wahala zaka sha kafin a yi maka lamba in ma an yi. In kuma suna ya bambanta, yace ai ni ma saya na yi ban juya ba, sai ya nuna maka mubaya'a, takardar ciniki, ko taukil, takardar wakilci, da ya haɗa shi da mai sunan, in hannu uku mashin ya bi ka ga takarda uku, kada ɗaya ta yi tsalle.

Sai ka durƙusa da kanka ka karanta lambar shasi, kar ka bari a karanta maka. Tana jikin wuyan mashin, ƙasan kai, sai ka juya kan gefe guda zaka ganta a buge a jikin ƙarfe, lambar inji kuma tana ƙasa a jikin injin yawanci ta hagu wajen giya. Ka tafi da tsumma da ɗan fetur ka goge, ka haska da fitilar waya ko da rana ne. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, babu harafin I ko O ko Q a cikinta, na Bajaj da MD2 take farawa, na TVS da MD6, na China kuma da harafin L. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke takarda. Ka shafa wurin da yatsa, bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, in kaji wurin ya lotsa kamar an goge da dutsen wuta, ko wata lamba ta karkace ko ta fi 'yan'uwanta zurfi, ko fentin wurin ya fi na sauran jiki sabunta, tashi kawai ka karkaɗe gwiwarka. Kuma ko komai ya yi daidai ka ɗauki hoton lambar ka kai ofishin murur ko wajen 'yan sandan da ke kula da satar motoci a duba ko akwai balag, wato rahoton sata, a kanta, mutane da yawa sun kai rahoton abin hawansu da ya ɓata, tafiyar yini ɗaya ce.

In takarda ta wanku sai a zo kan ƙarfe. Kada ka tafi kai kaɗai kuma kada ka tafi da abokinka wanda shi ma jiya ya koya, ka ɗauki usta, bakaniken mashin na gaske, wanda kai ka nemo ba wanda dillali ya nuna maka ba, ka biya shi kuɗin yininsa tun kafin ku tashi don ya san kai yake yi wa aiki. Dillali ba maƙiyinka ba ne, sana'arsa yake, amma la'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki, naka ya yi kyau ko bai yi ba.

Ku je da sassafe, ka kuma faɗa wa mai shi tun dare kada ya tayar da shi kafin ku iso. Wannan na koye shi ne da kuɗina. Mashin ɗina na farko da la'asar na saya, mutumin ya zo a kai injin da zafi, bugu ɗaya ya tashi, sauti lafiya lau, na biya. Washegari da asuba na yi ta bugun kik har gumi ya jiƙa min riga, da ya tashi kuwa hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida har mahaifiyata ta fito daga ɗaki tana tari. Da usta ya kwance sai ga baƙin mai mai kauri kamar zuma, irin wanda ake zubawa don ya toshe ƙarar inji ya rage hayaƙi, ringi ya gama cinyewa, kuɗin da na kashe a amra, wato buɗe inji a yi masa babban gyara, ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mashin ɗin, kuma a lokacin bashi na ci. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Don haka da kun isa ka fara ɗora bayan hannunka a jikin inji, in da ɗumi kace zaku dawo gobe.

Inji mai lafiya a sanyi bugu ɗaya zuwa uku ya tashi, ya zauna yana aiki shi kaɗai ba sai an riƙe masa mai ba. Ka koma baya ka tsuguna wajen salansa usta ya murɗa. Hayaƙi shuɗi mai yake ci, ringi ko fistin sun gaji, mutanen nan shanabir suke cewa, aiki ne babba. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, sau da yawa kabireta ce ko filtar iska ta toshe, wannan mai sauƙi ne. Ka sa yatsa a bakin salansa kafin ya yi zafi, toka busasshiya ba komai, maiƙo mai danƙo kuwa shi ne abin gudu. Ka kasa kunne, 'yar ƙara siririya tik tik daga sama yawanci saiti ne kawai, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji wadda take ƙaruwa in an murɗa mai, wannan ko usta bai yi magana ba ka san babu alheri. A zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a tsakanin yatsu biyu a rana, in kaga ƙyalli kamar garin ƙarfe injin yana cin kansa ne, in ya yi fari-fari kamar shayi da madara ruwa ya shiga, wataƙila an tsallaka kwari da shi da damina. A kwance fulogi ma, minti biyu ne, bakinsa ya zama ruwan ƙasa-ƙasa a bushe. Ka duba kawunan kusoshin inji, in duk sun cinye sun sha sifana ga gam yana leƙowa ta gefe toh an buɗe shi, ba laifi ba ne a yi wa mashin amra, laifin a ɓoye maka, ka tambaya kai tsaye yaushe aka yi kuma wane usta ne ya yi.

Mitar kilomita kar ka ba ta muhimmanci, waya ɗaya ake zarewa ta tsaya. Robar matakin ƙafa da robar hannu da ƙarfen taka birki su ne ba sa ƙarya, mita tana cewa dubu takwas amma matakin ya side har ƙarfe ya fito, ka san wanda zaka yarda da shi.

Jikin kuma abin da ya fi komai shi ne ko ya taɓa yin mummunan hatsari. Ka tsaya a bayansa ka hango, tayar gaba da ta baya su hau layi ɗaya. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da wajen wuya da inda kariya take haɗe, walda ta kamfani sumul take, ta kasuwa kuwa tudu-tudu ce an shafe ta da baƙin fenti. Shasin da ya taɓa karyewa aka yi masa walda ni ba na saya ko nawa ne, musamman a nan da ake ɗora wa mashin buhun dawa guda a bi hanyar gona da shi. A kafa shi a kan tsayuwar tsakiya a ɗaga gaba, ka juya kan hagu da dama a hankali, ya tafi sumul ba tare da ya maƙale a tsakiya ba, ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, in tana motsi boris ya mutu. Ka matse birkin gaba ka danna shok, ya sauka ya dawo, ka duba sandunan ko akwai zoben mai a jiki. Sarƙa, janzir kenan, ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasanta kamar santimita 2 zuwa 3, ka ja ta daga bayan haƙoran baya, in ta taso har kana hango rabin haƙori ta gama, haƙoran kuma in sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙaya dole a canza su tare da sarƙar gaba ɗaya, ka sa wannan a lissafin ciniki. Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu, misali 2321 yana nufin sati na 23 a shekarar 2021, in ta haura shekara biyar ko ta fara tsattsagewa a gefe, da zafin nan namu da yake wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, ba abin da zaka ɗora ranka a kai ba ne ko da zanenta bai cinye ba. Ka buɗe tanki ka haska ciki, yawancinmu fetur ɗin jarka da kwalba muka sha a shekarun nan, in tsatsa ta kama ciki kullum kana wajen wankin kabireta. Fitila, sigina, hon, wutar birki, duk a kunna a gabanka, in usta yana da mita ya auna batir, a kashe wajen volt 12.6, in inji yana aiki 13.5 zuwa 14.5, in bai hau ba toh ba ya caji.

Gwajin tafiya ba kai zaka yi ba. Na san zuciya tana so, amma wanda bai iya ba ba zai gane komai ba sai tsoro, kuma in ka kayar da mashin ɗin mutane ka saya kenan ko ba ka so. Usta ya hau, ya bi duk giyoyin sama da ƙasa, yaji ko wata tana fita da kanta, ya sa babbar giya ya murɗa mai da ƙarfi, in inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba kulochi yana zamewa, ya ɗan sassauta hannu a kan zalat, wato kwalta, mai kyau yaga ko yana ja gefe ɗaya, ya taka birkin baya ya matse na gaba kowanne daban. Ya yi kamar minti goma sha biyar don injin ya yi zafi sosai, ya dawo a kashe a sake tayarwa da zafinsa, a kuma leƙa ƙasa ko ya fara ɗigar mai.

Wajen ciniki ba sai an kushe kayan mutum ba. Na takwas ɗin nan wani dattijo ne mai shi, tela, idonsa ya fara rauni 'ya'yansa suka hana shi hawa, ya fito mana da takardunsa a cikin leda an naɗe da roba, har da faturar ranar da ya saya. Usta ya lissafa abin da ya gani, sarƙa da haƙora, tayar baya, robar shok guda. Nace masa Baba ga abin da za mu kashe kafin yaron nan ya hau, a duba mana, yace albarka, muka ƙara kaɗan, ya yi shiru ya dubi yaron yace Allah ya sa ka more shi. Shikenan. In ka zo da lissafi a hannu maganar gajeruwa take.

Kuɗi kuma kada su fita sai a gaban lauya. A rubuta mubaya'a da sunanka da nasa da raƙam watani na kowa, lambar shasi, lambar inji, lambar mashin, kala, kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. In ta Bankak zaka tura, ka duba sunan da ya fito kafin ka danna, ya zama sunan mai sayarwa ne ba na dillali ko wani ɗan'uwansa ba, ka ajiye ish'ar ɗin, shaidar tura kuɗin, a waya ka kuma tura wa wani naka. Kafin alƙalami na waya, irin a turo wani abu in riƙe maka wani yana so, kada ka fara. Ka karɓi makullai duka. Sannan kada ka ce ai ina da mubaya'a ka kwanta, ka je murur a juya shi zuwa sunanka tun mai sayarwa yana kusa, yanzu mutane ba sa zama waje ɗaya, wanda yake Gadarif yau gobe ya koma Khartoum ko ya wuce Masar, kai ma ka nemi ruksar tuƙi taka.

Ranar da kuka kawo shi gida, usta ne zai tuƙo, a wuce da shi gareji kai tsaye. A juye baƙin mai ko mai shi ya rantse jiya ya juye, ƙananan nan kusan lita ɗaya suke sha, a sa na mashin, zaka ga an rubuta JASO MA a jikin galan, na mota wani yana sa kulochi zamewa. A wanke ko a canza filtar iska, kuma wannan ka mayar da shi al'ada don ƙurar nan tamu da habub, guguwar ƙura kenan, ita take cinye ringi a hankali, filtar da ta yage gara ka ajiye mashin ɗin har a samu wata. A saita birki da sarƙa, a sa iska daidai.

Hular kwano kuwa a ranar za a saye ta ba gobe ba. Na san zafi, na san za a ce maka kai kaɗai ne a gari kake sawa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tace sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70, kuma kowa ya san halin da asibitocinmu suke ciki yanzu. Ka samu wadda ta kama kanka ba ta rawa, ka ɗaure igiyar, ita ba a sayen ta hannu don tsagewar ciki ba a ganinta. Takalmi rufaffe ba silifa ba, jallabiya kuma a tattare ta sosai, na taɓa ganin sarƙa ta cafke gefen rigar mutum ta nannaɗe shi, haka gyalen mace ko tobinta, lafayar matan Sudan, in ka goya ta, ka duba da idonka kafin ka tashi.

Koyo a fili ake yi, filin ƙwallo da safe kafin yara su fito. Ka fara tambayar tsarin giyarsa don ba ɗaya ba ne, wani duk ƙasa ake takawa wani ɗaya ƙasa saura sama. Kwana biyun farko ba ka da aiki sai sakin kulochi a hankali da tashi da tsayawa, tashi da tsayawa, har hannunka ya gane wurin da yake kamawa. Sai birki, na gaba shi ne mai yawan ƙarfin tsayarwa amma matsa shi ake yi a hankali tare da na baya ba fizga ba, a kan yashi ko tsakuwa ko a cikin kwana in ka cafke shi kana ƙasa. Sati biyu zuwa uku babu goyo babu kaya, babu tafiyar dare, kuma kada ka hau babban titin Madani ko na Kassala tukuna, manyan motocin da suke tasowa daga Port Sudan iskarsu kaɗai tana ture mutum.

Ita kuwa lakar Gadarif sai wanda ya shiga ya sani. Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa daga Yuni zuwa Oktoba santsi take kamar sabulu, sannan ta cushe tsakanin taya da madgad har ƙafar gaba ta daina juyawa. Daminarka ta farko in an yi ruwa da dare ka bar mashin a gida har rana ta bugi ƙasa, in kuma ya kama ka a hanya ka sa ƙaramar giya, ƙafafu a ƙasa, hannunka nesa da birkin gaba, ka riƙe ɗan sanda a ɗaure a kariya don sakace lakar. Ɗan yayata har yanzu bai ga daminarsa ta farko a kan mashin ba, na dai riga na gaya wa uwarsa duk ranar da aka kwana ana ruwa makullin a wajenta zai wuni.